Yadda ake gyara kabari da kai fure lokacin Tusan a Faransa

Ranar 1 ga Nuwamba hutu ce a duk faɗin Faransa. Toussaint suke ce mata, a baki Tusan, wato bikin waliyyai na Katolika. Ainihin ranar tunawa da mamata 2 ga wata ce, amma da yake ranar aiki ce, tun ranar 1 maƙabartu ke cika.

Kada ka bari sai ranar ka ɗauko bokiti. Mako guda kafin nan ake wankin kabari, domin wasu garuruwa kan hana aiki a maƙabarta idan bikin ya matso. Duba sanarwar da ke bakin ƙofa.

Wurin wankin nan ne sabon shiga ke ɓata rawarsa da tsalle. Fara tantance dutsen. Idan marmara ne ko farin dutse mai laushi, kada ruwa mai tsami, irin su binigar ko ruwan lemun tsami, ya taɓa shi, don cinye fuskarsa yake yi, ƙyallin ya tafi ke nan. Ruwan jabel, wato bilic na faranta kaya, shi ma haka: yau ka ga fari fat, baɗi ka tarar dutsen ya yi rawaya yana gari, rubutun zinare ya kwaile. Baƙin sabulu na ruwa, wanda suke ce wa savon noir, cokali 2 a lita 5 na ruwa mai ɗumi ya wadatar, da buroshi mai laushi. Daga sama za ka faro, ka ɗauraye, ka goge da tsumma. Buroshin ƙarfe kam, a gida za ka bar shi.

Sai fure. Kirizantem ne na ranar, saboda a ƙarshen kaka yake buɗewa kuma yana jure sanyi. Na tukunya ake saye, kuma a zaɓi wanda yawancin ƙullinsa bai buɗe ba. Wanda ya gama buɗewa kyan ɗan maciji ne, ruwan sama biyu ya ruɓe. A bakin maƙabarta ya fi tsada, gara babban kanti. Zuba ruwa a gindi, ban da kan furen, sannan ka tokare tukunyar da dutse, in ba haka ba iskar Nuwamba ta mirgina ta kan kabarin maƙwabci.

Ranar kanta ba wuya: dangi su hallara, a ajiye fure, mai addu'a ya yi, a wuce cin abincin rana. Amma ko da wasa kada ka kai wa masu masaukinka kirizantem a matsayin tsaraba. A wurinsu furen mamata ne.