Darasi na Bakwai: Gano Laimar Kwaɗi da Tsirran Daji, da Yadda Ake Ɗaukar Hotonsu

Kwana biyu ko uku bayan an yi ruwa mai yawa, wanda ya fita tafiyar ƙafa da sassafe yakan tarar da wasu 'yan abubuwa masu kama da laima sun ɓullo a gindin itace, ko a jikin ruɓaɓɓen kututture, ko a gefen suri, alhali kuwa jiya babu su a wurin. Su ne ake kira laimar kwaɗi, wasu kuma su ce naman kaza. Yawancin mutane sukan wuce ba su ko kalle su ba, wanda ya tsaya kuwa yakan ciro waya ya ɗauki hoto ɗaya daga tsaye, ya kama gabansa. Irin wannan hoton ba ya amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin da masani zai yi idan aka nuna masa. A wannan darasi za mu koyi yadda ake duban abu da kyau kafin a taɓa waya, da yadda ake ɗaukar hoton da zai zama shaida.

Mece ce laimar kwaɗi?

Ko da yake daga ƙasa take fitowa, laimar kwaɗi ba tsiro ba ce. Tsiro yana da koren ganye wanda yake haɗa abincinsa da hasken rana, ita kuwa ba ta da shi, sai dai ta tsotsi abinci daga abin da take zaune a kai. Saboda haka ne a shekarar 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ba da shawarar a ware ta da danginta a matsayin rukuni mai zaman kansa, dabam da tsirrai da dabbobi.

Abin da kuke gani a sarari ɗan ɓangare ne kawai. Ainihin jikin yana ɓoye cikin ƙasa ko cikin itace, siraran zare ne farare masu kama da saƙar gizo-gizo, kuma idan kuka ɗaga ruɓaɓɓen ganye mai laima za ku iya ganinsu a manne a ƙarƙashinsa. Laimar da ta fito kamar 'ya'ya ce a jikin bishiya: aikinta shi ne ta zubar da ƙurar iri, wadda iska take kwashewa ta kai wani wuri.

Wannan ya sa wurin da kuka same ta yake da muhimmanci ƙwarai. Wasu suna cin mataccen itace da ganye da kashin dabbobi, su mayar da su taki. Wasu suna manne da saiwar bishiya mai rai, suna ba ta ruwa da ma'adinai, ita kuma tana ba su abinci, don haka ba a samunsu sai kusa da irin bishiyar da suke hulɗa da ita. Akwai kuma waɗanda gara ce take noma su a cikin suri, masana suna kiransu Termitomyces. Ƙafar irin waɗannan tana da doguwar jela wadda ta nutse har cikin gidan garar, kuma ɗaya daga cikinsu, wadda ake samu a wasu sassan Afirka, faɗin hularta yakan kai kusan mita 1.

Sassan da za ku riƙa dubawa su ne hula, da ƙarƙashin hula, da ƙafa, da gindi. A ƙarƙashin hula wata tana da sala-sala a jere kamar shafukan littafi, wata tana da ƙananan ramuka kamar soso, wata kuma tana da 'yan tsinkaye masu kama da haƙora. A jikin ƙafa ku duba ko akwai zobe. A gindi kuwa, wanda sau da yawa ƙasa ta rufe shi, ku duba ko akwai wata 'yar jaka da ƙafar ta fito daga cikinta.

Shirin fita

Ku sa takalmi mai rufi da dogon wando, ku riƙe sanda, domin wurin da yake da sanyi da inuwa da tarin ganye shi ne wurin da maciji da kunama suke so. Da sanda ake juya kututture ko a yaye ganye, ba da hannu ba. Ku ɗauki ruwan sha, da littafin rubutu da biro, da ɗan ƙaramin madubi, da farar takarda. Ku gaya wa wani a gida inda za ku da lokacin da za ku dawo. Idan wurin gonar wani ce ku nemi izini, idan kuma gandun daji ne na hukuma ku sani cewa a yawancinsu an hana cire komai.

Sai ku rage sauri. Mai neman laimar kwaɗi yakan yi awa guda bai wuce tafiyar da wani zai yi a minti goma ba.

Ɗaukar hoton

Na taɓa samun wata kyakkyawar laimar kwaɗi mai ruwan ƙasa a jikin wani kututture, na ɗauke ta hoto ya fi ashirin, duk daga sama, ina ta murna. Da na nuna wa wani wanda ya san su, bai yi minti ɗaya yana dubawa ba ya ce, "Malam, ƙarƙashinta fa? Sala-sala ne ko ramuka?" Ban sani ba. Kashegari na koma wurin, na tarar ta narke ta yi baƙi, tsutsa ta cika ta. Da yawansu kwana ɗaya ko biyu kawai suke yi a tsaye, saboda haka abin da ba ku ɗauka yau ba kada ku sa ran samunsa gobe.

Ku fara da goge gilashin kyamarar da gefen riga, domin maiƙon hannu shi ne yake sa hotuna da yawa su yi hazo. Hoton farko ku ɗauke shi daga ɗan nesa, yadda zai nuna inda abin ya fito: a ƙasa ne ko a itace, ita kaɗai ce ko tari ne, wace bishiya ce a kusa. Bayan haka ku durƙusa, ku sauke wayar har ta kusa taɓa ƙasa, ku ɗauka daga gefe yadda hula da ƙafa za su fito tare. Wasu sukan juya wayar kai ƙasa don kyamarar ta ƙara kusantar ƙasa, kuma dabara ce mai kyau. Ku taɓa fuskar wayar da yatsa daidai kan abin da kuke so ya fito sarai, ku jira ta daidaita, sannan ku danna. Idan kun matsa kusa har hoton ya fara dishi-dishi, ku ɗan ja baya, domin kowace kyamara tana da iyakar kusancin da take iya gani. Jawo abu da yatsu biyu a fuskar waya kuwa yawanci ɓata hoto yake yi, gara ku matsa da ƙafarku.

Ƙarƙashin hula shi ne hoton da ya fi kowanne daraja, kuma shi aka fi mantawa. Ku ajiye madubin nan a ƙasa a gindin laimar, ku karkata shi har sala-salan su bayyana a ciki, ku ɗauki hoton madubin. Wanda ba shi da madubi yana iya kunna kyamarar gaba ya zura wayar a ƙarƙashi. Daga nan ku yaye ƙasar gindin a hankali da tsinke, ku ɗauki hotonsa. A ɗaya daga cikin hotunan ku ajiye biro ko rula a gefe, domin a hoto abin da bai wuce kan yatsa ba yana iya yin kama da faranti.

Game da haske, sassafe da yamma da ranar da hadari ya rufe sama sun fi kyau. Rana tsaka tana ƙone launin farar hula ta bar inuwa baƙi ƙirin. Idan ba makawa, ku tsaya yadda inuwarku za ta rufe abin gaba ɗaya. Fitilar kyamara tana canza launi, ni dai ba na kunna ta. Idan ƙarƙashin hula ya yi duhu, farar takardar da kuka ɗauko za ta mayar da haske wurin idan kuka jingina ta a gefe.

Inda aka yarda a cire, kuma suna da yawa, kuna iya ɗaukar guda ɗaya don ku ga launin ƙurar irinta. Ku yanke ƙafar, ku kifa hular a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ku rufe da kofi, ku bar ta ta kwana inda yara ba za su kai hannu ba. Da safe za ku ga ƙurar ta zana siffar sala-salan a kan takardar, fara ko ruwan ƙasa ko baƙa ko ruwan hoda. Wannan ma ku ɗauke shi hoto.

Gargaɗi

Hoto, komai kyansa, ba izinin ci ba ne. Akwai masu guba da suke kama da marasa guba ƙwarai, har masana sukan nemi madubin ƙara girman abu kafin su bambanta su. Wata mai suna Chlorophyllum molybdites, babba ce fara mai ban sha'awa wadda take fitowa a filayen ciyawa a ƙasashe masu zafi, tana sa amai da gudawa mai tsanani, kuma ana gane ta ne da ƙurar irinta mai launin kore-kore. Wadda ta fi kashe mutane a duniya ita ce Amanita phalloides, mai fararen sala-sala da zobe da jaka a gindi. Wanda ya ci ta yakan yi awa 6 zuwa 24 bai ji komai ba, sannan amai da gudawa su taso, sannan ya ji kamar ya samu sauƙi, alhali a lokacin ne gubar take lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe wannan guba, busarwa ma haka. Maganar cewa wadda ƙwari suka ci ba ta da illa ba gaskiya ba ce. Taɓawa da hannu kawai ba ta sa guba ta shiga jiki, amma ku wanke hannu bayan kun gama. Idan wani ya ci wadda ba a sani ba, a kai shi asibiti nan take, kada a jira alama, a tafi da ragowar da hotunan.

Tsirran da suke 'yan gida

Tsiro ɗan gida shi ne wanda asalinsa na yankin ne, ba mutum ya kawo shi daga wata ƙasa ba. Daɗewa a wuri ba ta mayar da baƙo ɗan gida: dogonyaro ya cika garuruwan Afirka, amma daga yankin Indiya aka kawo shi, kuka kuwa 'yar gida ce a Afirka. Kowace ƙasa da nata 'yan gidan, kuma su ne ƙwari da tsuntsayen wurin suka saba rayuwa da su.

Ƙa'idar hoton ɗaya ce da ta laimar kwaɗi. Ku ɗauki tsiron gaba ɗaya, sannan reshe mai ganye yadda za a ga ko ganyayen biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, ko kuwa ɗaya nan ɗaya can. Ku juya ganye ku ɗauki bayansa, domin gashi da jijiyoyi sun fi fitowa a nan. Ku lura ko ganyen guda ne, ko ya rabu kamar yatsun hannu irin na kuka, ko ƙanana ne a jere irin na tsamiya. Fure da 'ya'ya su ne suka fi saurin bayyana sunan tsiro, bayan su sai ƙaya da ɓawo. Idan iska tana kaɗa furen, ku kare shi da jikinku ku jira ta lafa. Kada ku kama kowane tsiro da hannu don ku tsayar da shi: gashin kwanson karara yana sa ƙaiƙayi mai azaba, farin ruwan tumfafiya kuma yana cutar da ido.

Tsiro ɗaya yana buƙatar ziyara fiye da ɗaya. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Farin furen kuka da magariba yake buɗewa, jemagu su ziyarce shi da dare, kafin yammacin gobe ya yi yaushi, don haka wanda yake fita da rana kawai yana iya shekaru bai gan shi a buɗe ba.

Rubutu da neman suna

Akwai abin da kyamara ba ta ɗauka. Ku rubuta kwanan wata, da wuri, da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe, da ƙamshi ko warin abin, da ko yana da santsi, da ko launinsa ya canza bayan an murza shi. Ku tambayi dattawa da makiyaya da manoma sunan da suke kiransa, ku rubuta yadda suka faɗa. Suna ɗaya yakan hau tsirrai biyu, tsiro ɗaya kuma yakan samu suna uku, shi ya sa masana suke amfani da suna mai kalma biyu na Latin, tsarin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa wa tsirrai a 1753. Manhajar waya irin su iNaturalist, wadda aka fara a 2008, tana ba da shawarar suna idan aka ɗora hoto, amma zato ne kawai take yi har sai mutanen da suka san abin sun duba sun tabbatar. Idan tsiron yana da wuyar samu, ku ɓoye ainihin wurin kafin ku yaɗa hoton, kada masu tumɓukewa su bi sawu.

Aiki

Kafin zama na gaba, kowa ya zaɓi laimar kwaɗi ɗaya ko tsiro ɗaya, ya ɗauke shi hoto aƙalla huɗu daga ɓangarori dabam-dabam, ɗaya da biro a gefe, ya kuma rubuta jimla biyar a kansa a littafinsa. A aji za ku miƙa wa na kusa da ku wayar ba tare da kun ce komai ba, shi kuma ya faɗi inda abin ya fito, da girmansa, da yadda ƙarƙashinsa yake. Duk tambayar da ya kasa amsawa, ku rubuta ta a ƙasan jimlolinku.