Yadda ake bin diddigin tarihin Sahayoniyanci da rikicin Falasɗinu ba tare da an rikice ba

Abu uku ne ke yawan kayar da mai nazarin kishin ƙasa na Yahudawa, wato Sahayoniyanci, da rigimar da ta ɓarke tsakaninsu da Larabawan Falasɗinu: cakuɗa kalmomi, tsallake shekaru, da haɗiye alƙaluma ba tare da tambayar abin da aka ƙirga ba. Maganinsu shi ne a bi takardun asali bi da bi, taswira na gefe.

Ka samu littafi ka raba kowane shafi gida huɗu: shekara, wanda ya yi magana, ainihin lafazin da ya yi amfani da shi, sai yawan jama'a da filaye a wannan shekarar. Ka nemi taswira huɗu: ta gundumomin Daular Usmaniyya kafin 1914, ta Kwamitin Peel, wato kwamitin binciken Birtaniya, ta 1937, ta rabon Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1947, da ta layin tsagaita wuta na 1949. Wanda bai ɗora su gefe da gefe ba, zai yi ta gardama a kan iyakar da ba ta wanzu ba a lokacin da yake magana a kai.

Fara da tsefe kalmomi

Bayahude, ɗan Sahayoniya da ɗan Isra'ila abu uku ne daban. A 1897, shekarar da Theodor Herzl ya tara babban taron Sahayoniya na farko a Basel, aka kafa ƙungiyar ma'aikatan Yahudawa ta Bund a Vilna, wadda ke ganin a tsaya inda ake a nemi 'yanci. Malaman Yahudawa masu riƙo da gargajiya suka kafa Agudat Israel a 1912, suna adawa da kafa ƙasa da hannun ɗan Adam. A yau kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan Isra'ila Larabawa ne. Haka kalmar Bafalasɗine: a zamanin Birtaniya, ƙarƙashin dokar zama ɗan ƙasa ta 1925, Bayahude da Balarabe duk takardar Falasɗinu suke riƙewa. In ka ci karo da kalmar a takardar 1930, sai ka duba wa ake nufi. Kada kuma ka ɗauka Balarabe a nan na nufin Musulmi kawai. Jaridun da suka fara ƙorafi a kan sayen filaye, Al-Karmil ta Haifa a 1908 da Filastin ta Yafa a 1911, Kiristoci ne suka kafa su.

Daga Turai labarin ya taso

Shafinka na farko ya ɗauki shekarar 1881, lokacin da aka kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu, aka kuma far wa unguwannin Yahudawa da kisa da wawaso. Daga nan zuwa 1914 Yahudawa kimanin miliyan biyu suka bar gabashin Turai, mafi yawansu Amurka suka nufa. Kimanin 60,000 zuwa 70,000 ne kawai suka gangara Falasɗinu, wasunsu suka kafa ƙauyukan noma irin su Rishon LeZion a 1882, da dama sun rayu ne da kuɗin attajirin Bayahuden Faransa Edmond de Rothschild. Wannan ya nuna cewa shekaru da yawa Sahayoniyanci ra'ayin tsiraru ne a cikin Yahudawa kansu. Abin da ya ƙara masa ƙarfi rufe ƙofofi ne: dokar shige da fice ta Amurka ta 1924, sannan hawan Hitler mulki a 1933.

A ɓangaren taswira, lura cewa babu lardi guda mai suna Falasɗinu a tsarin Usmaniyya na ƙarshe. Gundumar Ƙudus tana amsa umarni kai tsaye daga Istanbul tun 1872, Nablus da Akka kuma suna ƙarƙashin lardin Beirut. Sunan yana yawo a bakin jama'a da jaridu, amma iyakar da aka sani yau an zana ta ne bayan Yaƙin Duniya na Farko.

Batun fili, inda ya kamata ka fi daɗewa

A nan rigimar ta fara taɓa tuwon mutane. Dokar filaye ta Usmaniyya ta 1858 ta nemi a yi wa gonaki rajista da sunan mutum guda. Manoma da yawa suka kauce, don tsoron haraji da ɗibar soja, wasu ƙauyukan kuma gonarsu ta gandu ce da ake sake rabawa lokaci-lokaci. Sai attajiran birni suka yi rajistar manyan filaye da sunansu, manomi ya wayi gari ɗan haya a gonar da kakansa ya noma. Da ƙungiyoyin Sahayoniya suka zo saye, irin waɗannan attajiran suka fi samu. Iyalin Sursock na Beirut sun sayar da sama da dunam (ma'aunin fili) 200,000 a kwarin Marj Ibn Amir a farkon shekarun 1920.

A takarda cinikin halal ne. A ƙasa kuwa wani abu ne ya faru. Asusun Ƙasa na Yahudawa, da aka kafa a 1901, ba ya sake sayar da filin da ya saya, Bayahude kawai yake ba haya, kuma 'yan ƙaura na zango na biyu, 1904 zuwa 1914, sun dage cewa Bayahude ne zai yi aikin gonar Bayahude. A da in mai gona ya canza, ɗan haya na nan. Yanzu sai ya tashi. Duk lokacin da ka ga an ce "an saya", ka rubuta tambaya biyu a gefe: wa ya karɓi kuɗin, wa kuma yake noman wurin?

Ka kula da ma'auni. Dunam na Usmaniyya murabba'in mita 919 ne da ɗan ɗoriya, daga 1928 aka mayar da shi 1,000 cif. Haɗa alƙaluman kafin wannan shekara da na bayanta ba tare da gyara ba yana kawo kuskuren kusan kashi takwas cikin ɗari.

Alkawura uku na Birtaniya

Ka karanta su a jere, kalma bayan kalma. Na farko wasiƙun da Henry McMahon, babban wakilin Birtaniya a Masar, ya yi musaya da Sharif Husaini na Makka. A wasiƙar 24 ga Oktoba 1915, Birtaniya ta amince da 'yancin Larabawa, amma ta cire yankunan Sham da ke yamma da gundumomin Dimashƙa, Homs, Hama da Halab. Ba a ambaci Falasɗinu ko Ƙudus ba ko sau ɗaya. Ɗauko taswirarka. In garuruwan huɗu ake nufi, abin da ke yammacinsu shi ne Lebanon da gaɓar tekun Siriya, Falasɗinu tana kudu, ba a cire ta ba. Birtaniya daga baya ta ce lardin Dimashƙa gaba ɗaya take nufi, wanda ya miƙa har kudancin Jordan ta yau, don haka Falasɗinu tana yammacinsa. Raunin wannan fassara shi ne Homs da Hama ba larduna ba ne.

Na biyu yarjejeniyar sirri ta Sykes da Picot ta 1916 tsakanin Birtaniya da Faransa, wadda ta ware yawancin Falasɗinu don mulkin ƙasa da ƙasa, ta bar wa Birtaniya Haifa da Akka. 'Yan juyin juya halin Rasha ne suka tona ta a ƙarshen 1917.

Na uku sanarwar Balfour, ministan harkokin wajen Birtaniya, ta 2 ga Nuwamba 1917, kalmomi 67 kacal a Turance. Ja layi a wuri uku. Ta ce "gida na ƙasa", ba ta ce daula ba. Ta ce "a cikin Falasɗinu", ba ta faɗi girmansa ba. Larabawa, waɗanda su ne kusan kashi 90 cikin ɗari a lokacin, ta kira su "al'ummomin da ba Yahudawa ba", ta kare musu haƙƙin zaman jama'a da na addini, ta yi shiru a kan na siyasa. Wasiƙa ce kawai zuwa ga Lord Rothschild, wani jigon Yahudawan Birtaniya. Ta samu haƙora ne a 1922, da aka cusa ta cikin takardar riƙon amana da ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani ta ba Birtaniya, inda sashe na 4 ya amince da hukumar Yahudawa, sashe na 6 ya umarci a sauƙaƙa ƙaura da zama a filaye.

Ɗora kowace tarzoma a kan ƙidaya

Ƙidayar 1922 ta samu mutum 757,182, Yahudawa 83,794, wato kashi 11. A ta 1931 sun kai kusan 175,000, kashi 17. A 1935 kaɗai sama da 60,000 suka shigo. Zuwa 1947 sun zama kusan kashi ɗaya cikin uku. In ka jera waɗannan a gida na huɗu, abin da ke gida na farko zai fara ba da ma'ana: rikicin Agustan 1929 da ya taso daga Bangon Buraƙ na Ƙudus, wurin da Musulmi da Yahudawa duk ke girmamawa, inda Yahudawa 133 da Larabawa 116 suka mutu, 67 daga cikin Yahudawan a Hebron, sannan tawayen Larabawa na 1936 zuwa 1939 da ya fara da yajin aikin wata shida.

Mutane na yawan tsallake wannan tawaye, kuma babban kuskure ne. Birtaniya ta murƙushe shi da ƙarfin soja, Larabawa kimanin 5,000 suka mutu, aka ƙwace makamai, shugabanni suka watse, Mufti Amin al-Husaini ya tsere a 1937, daga baya ya ƙare a Berlin wajen Hitler. Gabar manyan gidajen Larabawan Ƙudus biyu, gidan Husaini da gidan Nashashibi, ta ƙara raba kan jama'a. A daidai lokacin rundunar Yahudawa ta Haganah ke samun horo. Wanda bai san wannan ba zai kasa gane dalilin da ya sa al'ummar da ta fi yawa ta rushe da sauri a 1948.

Birtaniya kanta ta yi ta juyawa. Peel ya ba da shawarar raba ƙasa a 1937, Farar Takardar 1939, wato sanarwar manufar gwamnatin Birtaniya, ta janye, ta taƙaita ƙaurar Yahudawa zuwa 75,000 cikin shekara biyar, dab da kisan ƙare dangin da ya ci Yahudawa miliyan shida a Turai. Bayan yaƙi ƙungiyar Yahudawa masu ɗauke da makamai ta Irgun ta tayar da bam a otal ɗin King David a Yulin 1946, mutum 91 suka mutu.

Raba yaƙin 1948 gida biyu

Ƙuduri na 181 na 29 ga Nuwamba 1947 ya wuce da ƙuri'a 33, ƙasashe 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Ya ba ƙasar Yahudawa kusan kashi 56, ta Larabawa kusan 43, Ƙudus kuma a hannun duniya. Alƙaluma biyu ake jifan juna da su a nan, kuma kowanne na buƙatar ɗan'uwansa. Filin da Yahudawa suka mallaka bai wuce kashi 6 zuwa 7 ba, kuma kusan kashi 45 na mazauna yankin da aka ba su Larabawa ne. A ɗaya hannun, babban ɓangare na kashi 56 ɗin hamadar Negev ce, kuma ragowar kashi 93 ba duka mallakar ɗaiɗaikun Larabawa ba ne, akwai filin gwamnati da wanda ba a yi wa rajista ba.

Zango na farko yaƙin cikin gida ne, daga ƙarshen Nuwamba 1947 zuwa 14 ga Mayu 1948, Birtaniya na nan tana haɗa kaya. A cikinsa aka yi kisan Larabawan ƙauyen Deir Yassin ranar 9 ga Afrilu, da harin ayarin asibitin Yahudawa na Hadassah kwana huɗu bayan haka, Haifa da Yafa suka faɗi. Falasɗinawa 250,000 zuwa 300,000 sun riga sun bar gidajensu kafin sojan wata ƙasar Larabawa ya shigo. Zango na biyu ya fara 15 ga Mayu da shigowar Masar, Jordan, Siriya da Iraƙi, Lebanon ta taka ƙaramar rawa. A cikinsa aka kori mutanen Lidda da Ramla a Yuli, unguwar Yahudawa ta tsohon birnin Ƙudus kuma ta faɗa hannun Jordan. Mai haɗe zangunan biyu zai juya sanadi ya koma sakamako.

Adadin Deir Yassin darasi ne a kansa. An fara yaɗa 254, kowane ɓangare na da dalilinsa na barin shi haka, binciken baya ya dawo da shi tsakanin 100 da 120. Tambayar ko an kori Falasɗinawa ne ko gudu suka yi, gari-gari ake amsa ta, don abin da ya faru a Haifa ba shi ya faru a Lidda ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne gwamnatin Isra'ila ta yanke a Yunin 1948 cewa ba za su dawo ba, dokar kadarorin waɗanda ba sa nan ta 1950 ta ɗaure wannan. Jimillar Falasɗinawan da suka bar gidajensu 700,000 zuwa 750,000, Isra'ila ta ƙare da kashi 78 na ƙasar, Yahudawa kimanin 6,000 suka mutu. Ficewar Yahudawa daga ƙasashen Larabawa ka ba ta shafinta daban, ƙasa-ƙasa, domin ta ɗauki shekaru: Iraƙi kaɗai ta rasa kimanin 120,000 a 1950 da 1951.

Bayan wannan, yaƙin 1967, inda Isra'ila ta mamaye yankunan Larabawa, zai zo maka da sauƙi. Abu guda za ka yi hattara da shi, wato ƙuduri na 242 na Kwamitin Sulhu. Nassin Turanci ya ce a janye daga "yankunan da aka mamaye" ba tare da harafin da ke nuna dukkansu ba, na Faransanci kuma yana ɗauke da shi, gabatarwar ƙudurin ta haramta mallakar ƙasa ta hanyar yaƙi. Ka kwafe nassin biyu a shafi ɗaya.

Ka kuma riƙa tambayar daga rumbun wa takarda ta fito. Isra'ila da Birtaniya sun buɗe yawancin takardun 1948 bayan shekara talatin, daga nan masana irin su Benny Morris da Avi Shlaim suka sake rubuta labarin a shekarun 1980. Rumbunan sojan ƙasashen Larabawa galibi a rufe suke, labarin ƙauyukan Falasɗinawa kuma ya fi dogara da shaidar baka da aikin masana irin su Walid Khalidi. Saboda haka a gida na biyu na littafinka, bayan sunan mai magana, ka ƙara ko rahoton soja ne na ranar, ko tunawar dattijo bayan shekara arba'in, ko jawabin da aka shirya don jarida.