Kafin ka kai yaronka judo a Faransa, ka sayo silifa

'Yan uwa sababbin zuwa Faransa, musamman masu yara, in watan Satumba ya kama za ku ga kowace unguwa ana taron ƙungiyoyi, forum des associations suke ce masa, nan ne ake rubuta sunan yara a wasanni, kuma judo na cikin waɗanda suka fi jan mutane a ƙasar nan, ƙasar su Teddy Riner ce ai, wanda ya ci zinare a Olamfik na 2012 da 2016 da kuma 2024 a Paris. Da yawa daga cikinmu nan muke fara kai yara don kuɗin bai kai na wasu wasannin ba kuma yaro na samun abokai da wuri. To akwai maganar takalmi da ba kowa ke gaya maka ba sai ka shiga ka ga ana kallonka.

Mu mun taso muna ganin ɗan dambe da ɗan kokawa ƙafa ba takalmi, kan yashi, daga gida ma wani haka ya tako zuwa fili, sai mu ɗauka tunda judo ma ba a sa takalmi ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne wallahi. Shimfiɗar nan da suke kira tatami a kanta ake kayar da mutum, fuskarsa da bakinsa da kunnensa duk suna gogarta, shi ya sa ba a hawa da takalmi, kuma ba a sauka daga kanta ƙafa tsirara a taka ƙasan ɗaki ko a shiga banɗaki a dawo. Wannan na biyun shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa. Yaro zai ce fitsari yake ji, ya ruga haka nan ya dawo ya haye, koci ya yi masa magana gaban kowa, uban na zaune yana jin kamar an raina ɗansa ne alhali ƙa'ida ce kan kowa har masu baƙin bel, wato ƙwararru. Kamar dai masallaci, ka san inda takalmi ke tsayawa. Don haka ka sayi silifa na roba, a kantin kayan wasanni na Decathlon ko ina ma akwai masu araha, ya zama na kulob kawai, yana cikin jaka, daga ɗakin canja kaya zuwa bakin shimfiɗa, a ajiye shi a gefe, in za a sauka ƙafa ta faɗa cikinsa kai tsaye.

Dalilin tsananin shi ne cutar fata, makenkero da ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa suna yawo sosai a irin wuraren nan, mutum ɗaya ya kawo sai ya bi yara da yawa. In ka ga wani zagaye a fatar yaronka kar ka kai shi ranar, ka fara zuwa wurin likita ko kantin magani tukuna. A yanke farce na hannu da na ƙafa. Sannan faso, sanyin nan da hita na cikin gida suna busar da dunduniya, in ta tsage ta yi jini ba za a bar ka ka ci gaba ba sai an rufe da filasta. Man kaɗanya na yi sosai amma da dare za ka shafa, in ka shafa dab da atisaye santsi za ka yi ta yi ka kuma ɓata musu shimfiɗa. Haka in ka yi alwala kafin a fara, goge ƙafar ta bushe.

Safa kuma, yawanci ba a so don tana zamewa, amma 'yar uwa da ba ta son buɗe ƙafa ko mai ciwo a ƙafa ya samu koci kafin a fara ya yi masa bayani a natse, akwai safa mai roba a ƙasa da wasu kulob ɗin ke yarda da ita, wasu kuma ba sa yarda, gara ka ji tun kafin ka biya kuɗin shekara, galibi ma suna barin mutum ya gwada darasin farko kyauta.

Ba dukkan wasannin faɗa ake yi ba takalmi ba. Karate da jujitsu na Brazil da damben Tailan ƙafa haka nan. Taekwondo, wanda ɗanmu Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciwo wa Nijar azurfa a Rio 2016, a gasa ba takalmi sai wata safa mai na'urar ƙirga maki, amma a atisaye wasu na sa wani ɗan takalmi mara nauyi. Boksin da kokawar Turawa da savate, damben Faransawa da ake shuri da ƙafa, waɗannan da takalmi ake yi, sai dai shi ma wanda bai taɓa taka titi ba. Kar ka zo da kambas ɗin da ka hau metro da shi ka ce da shi za ka shiga, ka riƙo na ciki daban a jaka, kuma kar ka yi saurin sayen mai tsada, ka tambayi kocin wane iri suke karɓa a zaurensu tukuna.