Yadda na hana kifina narkewa kafin ya iso Garwa

Kwantena biyu a jere, daskararren kifin da na yi oda ta tashar ruwan Duwala a Kamaru ya iso Garwa, katan na sama sun jiƙe, na ƙasa kamar dutse. Na ɗora wa direba laifi, wai yana kashe janareto a hanyar Ngaundare. Ashe ba ruwansa, bawan Allah.

Da na leƙa cikin kwantena, sai na ga lodin ya haye jan layin jikin bango, wanda ke nuna iyakar tsayin lodi. Sanyi daga ƙasa yake hurowa ya koma ta sama. In aka toshe saman, iska ba ta zagayawa, ko da injin sanyin na nuna -18°C.

Na sa masu lodi a can suka rage sahu ɗaya. Kwantena na uku ya iso garau, na je na ba direba haƙuri.