Yadda ake fara noman albasa a jihar Tawa: tun daga rainon iri

Duk shekara da zarar damina ta ja baya, akwai samarinmu da ke dawowa daga bida, wasu daga Abijan wasu daga Libiya, da 'yan kuɗi a hannu da niyyar noman albasa. Abin da yawancinsu ke fara saye injin ban ruwa ne da tiyo. Iri kuwa sai ranar kasuwa ta ƙarshe, a hannun duk wanda suka fara cin karo da shi. Kafin Nuwamba ya ƙare rabin tsiron ya kwanta, sai a koma yawon sayen dashe wurin maƙwabta da tsada, kuma abin da maƙwabci ya rage bayan ya zaɓi nasa ne za a samu. Akwai kuma wasu da suka shekara uku suna cewa "baɗi in sha Allah", suna jiran kuɗin hekta guda su cika. Domin waɗannan mutane biyu na rubuta wannan. A fangalin raino, wato inda ake shuka iri ya tsira kafin a dasa shi, ake cin nasarar albasa ko a faɗi, cikin kwana 45 na farko, kuma wannan matakin ba ya cin kuɗi da yawa. Ido yake so da zama kusa.

Ka fara da fili kaɗan

Shekarar farko kada ka wuce murabba'in mita 500, wato fili mai mita 20 a faɗi da 25 a tsawo. Na san za a ce wannan ba noma ba ne, wasan yara ne. A bar su su faɗa. Filin da kai da ƙaninka za ku iya cire wa ciyawa da hannu cikin yini biyu shi ne daidai da wanda bai taɓa yi ba. Hekta guda tana cin iri kilo 4 zuwa 5, ga mai na inji, ga taki, ga kuɗin masu dashe. Naka filin giram 250 ya ishe shi har da ragowa.

Kafin ka karɓi garka haya, a Tadis ne nan kusa da garin Tawa, ko a kwarin Maggiya, ko Tarka wajen Madawa, tambaya ɗaya ce ta fi kowace: ruwan rijiyar yana kaiwa Maris? A Oktoba kowace rijiya cike take. Kada ka tambayi mai filin. Je wurin dattijon da ke noma a gefe ka gaishe shi, ka ce: "Baba, wannan rijiyar in bazara ta kama, inji yana ja ko sai an jira ta taru?" Amsar da ya ba ka ita ce gaskiyar filin. Maganar haya kuma a yi ta gaban mai gari da shaidu, a rubuta a takarda, don kada ranar da albasa ta yi kyau wani ɗan gado ya ɓullo.

Iri

Mu nan ba mu da abin da za mu nema a waje. Jar albasar Galmi, wadda duniya ta sani da Violet de Galmi, ita ce motoci ke ɗauka daga Galmi da Tsarnawa da Madawa zuwa Gana da Kodebuwa da Benin da Togo, saboda yajinta da kuma jimirinta a ajiya. Ita za ka shuka. Irin gwangwani na waje da ake yi wa noman damina yana da nasa wurin, amma ba na mafari ba ne.

Abin da mutane ba sa son ji shi ne irin albasa ba ya daɗewa. Gero kana iya ajiye shi shekaru ya tsira, irin albasa kuwa in ya shekara a ɗakin kwano mai zafi, yawancinsa ya mutu, alhali a ido baƙi ne wul kamar sabo. Shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke gauraya na bara da na bana, ba mai ganewa. Ka sayi iri wurin manomin da ka ga gonarsa da idonka, wanda ya fitar da shi a bazarar da ta wuce, ko wurin ƙungiyar masu iri da malaman gona suka sani. Ko ya fi na kasuwa tsada da jikka ɗaya ko biyu, biya.

Sa'an nan ka gwada shi, ko na ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙirga ƙwaya 100, shimfiɗa su a tsumma mai laima, naɗe, sa a inuwa kusa da randa, kana yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana 10 ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka fitar da farin tsiro. In sun kai 80, iri ne. In sun tsaya a 60 kana iya amfani da shi amma sai ka ƙara yawa. Ƙasa da rabi, mayar wa mai shi. Wannan gwajin ba ya cin ko dala, amma yana nufin tun tsakiyar Satumba irin ya kamata ya kasance a hannunka.

Fangalin raino

Lokacin shuka ga mafari Oktoba ne, bayan ruwan sama ya ɗauke. Za ka ji labarin waɗanda ke shukawa tun Agusta don su kai kasuwa a Disamba lokacin da buhu ke da daraja. Gaskiya ne suna samu, amma ruwa ɗaya mai ƙarfi yana iya shafe fangalin duka, kuma su sun san dabarar rufe shi. Kai ba ka kai nan ba tukuna.

Zaɓi wuri mai ɗan tudu kusa da rijiya, mai ƙasar jigawa da ɗan laka, inda ba a yi albasa ko tafarnuwa ba a shekarun nan, domin cutar da ke kashe tsiro a cikin ƙasa take kwana. Faɗin fangali mita 1 kawai, yadda hannunka zai kai tsakiya ba tare da ka taka ba. Tsawo yadda ka so. Fangali huɗu masu tsawon mita 10 sun ishi filinka. Ɗaga su kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka daidaita samansu sosai. Duk inda ka bar kwari ruwa zai kwanta, kuma nan ɓarna za ta fara.

Taki na dabbobi za ka sa, wanda ya ruɓe ya koma baƙi, ba ya wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin tumaki da aka kwaso jiya daga turke yana ƙona saiwa, yana jawo gara, kuma cike yake da irin ciyawa. Ni ina son a tara kara a kan fangalin a ƙona kafin shuka, yana rage ciyawa sosai. Wasu na jiƙa ƙasa su rufe ta da farar leda na wasu makonni rana ta dafa ta. Wannan ma yana aiki, sai dai leda kuɗi ce, kuma sai ka fara da wuri.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Kada ka watsa iri da hannu. Na san haka iyayenmu ke yi, amma hannunsu ya san awo, naka bai sani ba. Mafari in ya watsa, wani gefe tsiro zai fito cunkushe kamar gashin kai, wani gefe fayau. Ja layi da tsinke a gicciyen fangalin, tsakanin layi da layi santimita 10, zurfi santimita 1 kawai. Kowane murabba'in mita giram 5 zuwa 6, kwatankwacin ƙaramin cokali biyu. Ka auna sau ɗaya a sikelin mai shago don idonka ya riƙe. Gauraya irin da busasshen rairayi domin ya rarrabu a layin, rufe da ƙasa mai laushi, danna da tafin hannu.

Za ka ga kamar irin ya yi kaɗan, zuciya ta ce ka ƙara. Kada ka ƙara. Tsiron da ya cunkushe iska ba ta ratsa shi, gindinsa ba ya bushewa, kowanne yana miƙewa sama neman rana ya zama siriri mara ƙarfi. Ko ya tsira daga ruɓewa, ranar dashe zare za ka ciro, kuma zare ba ya yin kai.

Rufe fangalin da busasshiyar ciyawa ko tsohuwar zana, domin zafin agazari a Tawa yana busar da saman ƙasa cikin awa biyu. Ban ruwa safe da yamma da butar ban ruwa mai ƙananan huji. Tiyon inji kada ya kusanci wurin nan, zai tone irin ya tara shi a gefe ɗaya. Daga rana ta 5 kullum da safe ka ɗaga ciyawar ka leƙa. Tsiron albasa ba a miƙe yake fitowa ba, a lanƙwashe yake ɓullowa, baƙin ɓawon irin yana maƙale a bakinsa, daga baya ya miƙe. Ranar da ka ga layukan sun fara kore, tsakanin kwana 7 zuwa 10, da yammar nan ka kwashe ciyawar duka. Kwana biyu in ka ƙara, tsiron zai yi fari ya yi tsawo a ƙarƙashinta, rana ta farko da ta same shi ta ƙone shi. Mutum ya tafi biki Ƙonni kwana uku a wannan makon, ya dawo ya tarar babu komai. Makon nan ba a tafiya.

Daga nan kuma sai ruwa ya zama abin tsoro. Mafari yana ƙaunar tsironsa, duk lokacin da ya wuce sai ya ba shi ruwa. Wata safiya sai ya tarar da wata da'ira a tsakiyar fangali, faɗin faifai, tsiron ya zube ƙasa. In ka ciro ɗaya ka duba, ganyen kore ne lafiya lau, amma daidai inda ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Shi kuwa mai garka sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, gobe da'irar ta ninka. Cutar ruɓewar gindi ke nan, kuma laima da zafi da cunkoso ne abincinta. Bayan tsiro ya fito, koma ban ruwa sau ɗaya da safe, don saman ƙasa ya sha iska kafin dare. Kafin ka zuba, cusa yatsa: in ƙasa ta manne a yatsan, bari sai gobe. Inda cutar ta kama, kwashe tsiron da ƙasarsa har da na gefensa ka kai nesa, ka tsayar da ruwa kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya kwanta ba ya tashi, sauran kake ceto. Akwai hodar da ake gauraya iri da ita kafin shuka, ana samunta a shagunan kayan gona cikin ƙananan fakiti, kuma tana taimako. Ka tambayi malamin gona wadda aka yarda da ita, kada ka sayi mara suna a tire.

Ciyawa a cire ta tun tana ganye biyu, da yatsu, domin ganyen albasa ba ya yin inuwar da zai danne ta. Nan za ka gode wa layin da ka ja: duk abin da ya fito tsakanin layi ba naka ba ne. Inda ya yi yawa a layin ma ka rage, kada ka ji tausayi. In takinka mai kyau ne fangalin ba ya bukatar na zamani. In ganye ya yi ɗorawa bayan mako uku, ɗan NPK 15-15-15 kaɗan tsakanin layuka, a bi da ruwa. A kewaye wurin da ƙaya saboda awaki da kaji.

Dashe da abin da ya biyo baya

Tsakanin kwana 40 zuwa 50 tsiro zai yi ganye 3 ko 4, kaurinsa ya kusa na fensir. Lokaci ya yi. Kada ka bar shi ya tsufa a fangali don fili bai shirya ba: dashen da ya yi girma in ɗarin Disamba da Janairu ya same shi yakan fitar da kara ya yi fure, kuma albasar da ta yi fure ba ta ajiyuwa. Don haka gyaran babban fili yana tafiya ne tun tsiro yana mako uku. Mako guda kafin cira ka rage ruwa ya ƙanƙame, daren ƙarshe ka jiƙa shi sosai don saiwa ta fito ba tsinkewa. Ware sirara ka zubar. Dasa da yamma, santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, kada ka binne wuya.

Sauran aikin maƙwabtanka za su nuna maka, a fili yake. Ban ruwa bisa yanayin ƙasarka, NPK a farko, takin ure kaɗan bayan dashe ya kama, kuma da zarar kai ya fara fitowa ka daina ure, domin yana kumbura albasa da ruwa ta ruɓe a ajiya. Ka riƙa buɗe tsakanin ganye kana duba ƙananan ƙwarin nan masu sa ganye ya yi fari-fari, sun fi yawa in zafi ya fara. Wajen Maris zuwa Afrilu wuyan albasa zai yi laushi ganye ya kwanta. Tsayar da ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira, ka bar ta ta sha iska ƙarƙashin ganyenta. Lokacin nan kowa ke kai tasa kasuwa, farashi a ƙasa yake, sai damina ta shiga yake ɗagawa. Sayar da abin da zai biya bashin mai da na haya, ka zaɓi masu ƙaramin wuya da busasshen ɓawo ka sa a rudu, wato rumbun ajiye albasa, kana juyawa kana fitar da duk wadda ta fara laushi. Daga cikinsu ka ware mafi kyau kamar kwando biyu, su za ka dasa a Oktoba mai zuwa ka fitar da irinka da kanka.