Kafin ka sake buɗe shago bayan ƙarewar yarjejeniya da kamfani

Idan yarjejeniyar da ta ba ka izinin kasuwanci da sunan wani kamfani ta ƙare, kada ka yi gaggawar sauya allon shago ka ci gaba da sayar da irin kayansa. Ka fara karanta sharaɗin hana gogayya (wato sharaɗin cikin yarjejeniyar da ke hana ka yin irin kasuwancin kamfanin bayan kun rabu) tare da lauya, ka duba wa'adinsa da yankin da ya shafa, domin saɓa masa kan jawo umarnin kotu na dakatar da kasuwancin, da kuma biyan diyya.

A Tarayyar Turai, wata doka ta shekarar 2022 tana amincewa da sharaɗin idan bai wuce shekara ɗaya ba, ya tsaya ga wurin kasuwancin da kayan da ke gogayya da na kamfanin, kuma ya zama dole don kare sirrin sana'ar da kamfanin ya koya maka. Kotunan jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa galibi soke shi suke yi. Idan sharaɗin ya yi tsauri, ka nemi kamfanin ya sassauta maka a rubuce.