Ga mai neman babbar mota a Makka

'Yan'uwa, Alhaji ya tambaya jiya wacce zai saya. Ga abin da na gani da idona.

In iyali ne da yawa, ga akwatuna ga jarkokin Zamzam a hanyar Madina, Suburban ko Yukon XL ta fi. Ko kujerun baya sun cika, akwai sauran wurin kaya. Sai dai tsawonta ya haura mita 5 da rabi. Ni da ita na shiga lungun unguwar Misfala a Makka, sai da yaro ya sauka yana yi mini "taho, taho", duk da haka na goge madubi a bango.

Land Cruiser kuwa juriya ce, kuma ranar sayarwa ba ta faɗuwa sosai. Amma layin kujeru na uku na yara ne, kuma ka ɗaga shi wurin kaya ya tafi. Samfurin 300 da ya fito a 2021 yawanci injin V6 ne mai turbo, kada a yi wasa da canjin mai.

Patrol mai injin V8 lita 5.6 akwai ƙarfi da faɗi, fetur kam sai haƙuri.

In ta hannu ce, kai ta sana'iyya, wato unguwar makanikai, da azahar, a kunna esi, ka zauna can baya minti goma ka ji ko sanyin na isowa.